Daga Giyawa zuwa ƙarƙashin teku: Hanyar da saƙon waya ke bi da abin da ke yanke ta

A ranar 20 ga Satumban 2021 Gwamnan Jihar Sakkwato na wancan lokaci, Aminu Waziri Tambuwal, ya sanar da katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, domin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun bayanai daga masu yi musu leƙen asiri. Goronyo da Rabah na cikin waɗanda matakin ya shafa. Kafin nan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta riga ta umarci kamfanoni su kashe sabis a ɗaukacin Jihar Zamfara tun ranar 3 ga watan.

A garuruwa irin su Giyawa da ke Ƙaramar Hukumar Goronyo, jama'a sun wayi gari da wayoyinsu lafiya lau, caji cike, data ba ta ƙare ba, amma ba kira, ba saƙo, ba tura kuɗi. Mai sana'ar POS ya ninke lemarsa. Manomin albasa da tafarnuwa ya rasa hanyar jin farashi daga dillalinsa na Kudu. Da 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo ranar Lahadi 17 ga Oktoba, suka hallaka fiye da mutum 40, babu wayar da za a ɗaga a nemi ɗauki. Bayan wannan hari gwamnatin jihar da kanta ta nemi a sake duba matakin.

Waɗancan makonni sun nuna wa mutanen gabashin Sakkwato abin da ba a cika lura da shi ba sai ya ɓace: wayar hannu ba ta iya komai ita kaɗai. Bakin wata doguwar hanya ce, wadda ta ratsa ƙarafunan sabis da wayoyin ƙarƙashin ƙasa da gindin teku. Wanda ya san matakan wannan hanya zai gane dalilin da kuɗinsa ke maƙalewa, da inda datarsa ke tafiya, da yadda 'yan damfara ke ɗana masa tarko.

Mataki na farko: daga hannu zuwa ƙarfen sabis

Kalmar “waya” kanta ta samo asali ne daga zaren ƙarfe da ake ja bisa turaku a zamanin tangaraho. Sunan ya zauna ko da yake wayar yau ba ta da igiya. Abin da take amfani da shi siginar rediyo ce, danginta ɗaya da wadda ke kawo shirye-shiryen Rima Radiyo, sai dai ita wayar tana karɓa tana kuma aikawa. Ƙarfinta kaɗan ne, don haka dole a sami dogon ƙarfen sabis a cikin 'yan kilomitoci da zai ji ta.

Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi irin wannan ƙarfe zai ga abubuwa iri biyu a jikinsa. Akwai dogayen allunan da ke fuskantar kusurwoyi daban-daban, su ne ke magana da wayoyin jama'a. Akwai kuma wani abu zagayayye mai kama da ganga, wanda aka saita shi ya fuskanci wani ƙarfen da ke nesa. Ta wannan gangar ce ƙarfen ƙauye ke miƙa duk abin da ya tattara ga na gaba, na gaba ya miƙa wa na gabansa, har a isa garin da wayar faiba ta kai. Saboda haka ƙarfe ɗaya da ya mutu a tsakiyar sarƙar yana iya jefa garuruwa da dama cikin shiru, alhali nasu ƙarafunan lafiyarsu ƙalau.

Yawancin waɗannan ƙarafa ba mallakar MTN ko Airtel ba ne kai tsaye. Kamfanoni irin su IHS ne ke riƙe da su suna ba da haya, kuma a karkara janareta da batura da farantan sola ne ke raya su. Idan hanya ta yi hatsarin da motar dizal ba za ta iya shiga ba, ko aka sace batura, sabis zai ɗauke ba tare da wata hukuma ta ba da umarni ba. A yankin da tsaro ya taɓarɓare wannan babbar magana ce.

Sandunan da ke saman fuskar waya ba sa faɗin komai face ƙarfin alaƙar wayar da ƙarfe mafi kusa. Shi ya sa mutum kan ga sanduna cike amma saƙo ya ƙi tafiya: matsalar tana can gaba. Ƙaramin harafin da ke gefensu ya fi su ba da labari. Harafin E na nufin tsohon tsarin 2G, wanda ya zo da GSM lokacin da Econet da MTN suka fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001. Yana ɗaukar kira da gajeren saƙo, amma bidiyo ya fi ƙarfinsa. Harafin H na nufin 3G, sai 4G ko LTE, sai 5G da MTN ya fara a 2022 a wasu manyan birane. Ƙarfe ɗaya kuma yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kamar yadda magudanar ruwa daga madatsar Goronyo ke da iyaka: idan kowa ya buɗe wa gonarsa a lokaci ɗaya, na ƙarshe ɗigo zai samu. Wannan ne ya sa sabis ke yin nauyi ranar kasuwa da bayan sallar isha'i, ya saki da asuba.

Yadda ake loda saƙo

Haɗa na'urori biyu ko fiye domin su yi musayar bayanai shi ake kira netwok. Kwamfutocin cibiyar rubuta jarrabawar JAMB da aka jona da juna netwok ne. Na MTN wani ne, na Glo wani, na banki wani. Intanet kuwa ita ce haɗakar dubban irin waɗannan, waɗanda suka amince su yi magana da harshe ɗaya. Babu kamfani ko gwamnatin da ta mallake ta gaba ɗaya.

Asalinta wani gwaji ne da ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauki nauyinsa, mai suna ARPANET. Saƙon farko ya tashi ranar 29 ga Oktoban 1969 daga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis zuwa wata cibiyar bincike a Stanford, kuma haruffa biyu kawai suka isa kafin na'urar ta tsaya. Harshen bai-ɗaya da ake amfani da shi yau, TCP/IP, masana biyu ne suka tsara shi, Vint Cerf da Bob Kahn, aka koma kansa ranar 1 ga Janairun 1983.

Dabarar da ke cikinsa ba baƙuwa ba ce ga ɗan kasuwar albasa. A ce manomi a fadamar Wurno yana da buhu 100 da zai aika kasuwar Mile 12 a Legas. Bai ɗauki shatar tirela guda ba, sai ya rubuta sunan dillalinsa da lamba a jikin kowane buhu, ya rarraba su a motoci daban-daban da ke da sauran wuri. Wasu za su bi ta Yawuri da Kwantagora da Jebba, wasu ta Gusau da Zariya da Lakwaja. Buhu na 60 yana iya riga na 10 isa. Dillali zai jera su bisa lamba, in ya ga na 37 bai zo ba ya aiko a nemo.

Haka intanet ke yi da hoto ko saƙon murya. Ana yanyanka shi ƙananan ƙunshi, kowanne ɗauke da adireshin mai aikawa da na mai karɓa da lambarsa a jeri. A kowace mahaɗa akwai na'urar da ake kira rauta, wadda aikinta ya yi kama da na ɗan kamasho a tasha: ba ruwanta da abin da ke cikin buhu, adireshi kawai take dubawa ta ce ga motar da za a sa shi. Inda intanet ta fi ɗan kasuwa sa'a shi ne, buhun albasa in ya faɗi a hanya ya tafi ke nan, ƙunshin saƙo kuwa ana sake aiko da kwafinsa cikin ƙiftawar ido. Idan kuma wata hanya ta toshe, rautoci su karkata kaya zuwa wata, muddin akwai watan.

Ƙunshin nan su ne ake aunawa a kira data. Harafi ɗaya na boko bait ɗaya ne, masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ kuwa biyu-biyu suke ci. Bait miliyan ɗaya shi ne megabait, megabait dubu kuma gigabait. Littafi sukutum na zallar rubutu yana iya zama ƙasa da megabait ɗaya, saƙon murya na minti ɗaya ma bai kai haka ba, amma bidiyo na minti ɗaya yana lashe megabait da yawa. Mai ƙorafin cewa datarsa ba ta da albarka, musamman tun da NCC ta amince da ƙarin farashi na kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, ya fara duba bidiyoyin da ke kunna kansu a TikTok da Facebook, da waɗanda WhatsApp ke saukewa daga zaurukan da bai ma buɗe ba.

Intanet daban, yanar gizo daban

A bakin jama'a intanet da yanar gizo abu ɗaya ne, amma akwai bambanci mai amfani. Intanet ita ce titin. Yanar gizo ɗaya ce daga cikin motocin da ke bin sa, wato tarin shafukan da ke jone da juna, inda ake taɓa wata kalma a tsallaka zuwa wani shafin. Wani Baturen Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya ƙirƙiro ta a 1989 yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da birnin Janeba, shekara 20 bayan saƙon farko na ARPANET. A ranar 30 ga Afrilun 1993 cibiyar ta saki fasahar kyauta ga duniya, kuma da ta ce sai an biya, da wuya ta yaɗu kamar yadda ta yi. Kiran WhatsApp da imel da tura kuɗi ta manhajar banki duk wasu motocin ne a kan titi ɗaya.

Kowane shafi yana zaune ne a cikin wata kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, wadda ake kira saba. Manhajar buɗe shafi, irin su Chrome da Opera Mini, aikinta ta aika roƙo ga sabar, ita kuma ta turo amsa. Abin da ake kira ajiya a gajimare ma ba a sama yake ba. Rumbuna ne cike da irin waɗannan kwamfutoci, a Legas ko Turai ko Amurka, da wutar lantarki da na'urorin sanyaya ɗaki da masu gadi.

Na'urori da lambobi suke gane juna. Adireshin IP na tsohon tsari rukuni huɗu ne na lambobi da ɗigo a tsakaninsu, kowanne daga 0 zuwa 255, kamar 8.8.8.8 na kamfanin Google. Tsarin na iya samar da adireshi kusan biliyan 4.3 ne kawai, abin da ya yi wa duniya kaɗan, shi ya sa ake ƙaura zuwa sabon tsari na IPv6. Tunda ɗan Adam ba zai iya haddace lambobi ba, a 1983 aka ƙirƙiro DNS, wanda ke aiki kamar jerin sunayen da ke cikin waya: a rubuta suna, shi ya nemo lamba. Kowace ƙasa tana da alamarta a ƙarshen suna. Ta Najeriya .ng ce, ƙungiyar NiRA ke kula da ita. Ta Nijar kuwa.ne.

A nan ne ya kamata mai karatu ya natsu, domin nan ake cutar mutane. Sunan da ya ƙare da gov.ng na hukumomin gwamnati ne, kamar jamb.gov.ng, wanda ya ƙare da edu.ng kuma na manyan makarantu ne, kamar udusok.edu.ng na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ainihin mai shafi ana gane shi ne daga kalmomin ƙarshe na sunan, dab da layin nan karkatacce na farko. Ɗan damfara yana iya sa sunan ma'aikata ko banki a farkon adireshi, ya lanƙaya wasu kalmomi a bayansa, ya yaɗa a WhatsApp cewa ana rabon tallafin taki ko bashin noma, a shigar da BVN da lambar sirri. Alamar kwado ko haruffan https a farkon adireshi ba shaidar gaskiyar mai shafi ba ce. Abin da take nufi kawai shi ne an kulle saƙon yadda na kan hanya ba zai karanta ba. Ɓarawo ma yana sayen kwado.

Gindin teku

Daga Sakkwato, kayan da ƙarafa suka tattaro suna shiga wayar faiba, zaren gilashi siriri kamar gashi wanda haske ke gudu a cikinsa kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya. Ana binne ta a gefen manyan tituna har zuwa Legas, inda take haɗuwa da wayoyin da aka shimfiɗa a gindin tekun Atilantika. Akasin abin da mutane da yawa ke zato, kusan dukkan bayanan da ke tsallaka nahiyoyi ta waɗannan wayoyi suke bi, tauraron ɗan Adam ɗan kaɗan yake ɗauka.

SAT-3 ta fara aiki a 2002. MainOne, mai tsawon kilomita 7,000 daga Fotugal, da Glo-1 sun zo a 2010, WACS da ACE a 2012. Equiano ta Google ta sauka Legas a 2022, sai 2Africa da kamfanin Meta ke cikin masu ita a 2024. A ranar 14 ga Maris na 2024 huɗu daga cikinsu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace lokaci ɗaya a yankin gaɓar Kwaddibuwa. Bankuna da dama a Najeriya suka tsaya cak, gyaran kuma ya ɗauki makonni domin sai jirgin ruwa na musamman ya janyo wayar daga ƙasan teku an ɗinke ta. Mai cirar kuɗi a Rabah da bai taɓa ganin teku ba ya ɗanɗani abin da ya faru a gindinsa.

Domin rage irin wannan dogaro aka kafa cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, a 2006. Kafin ita, saƙo daga wani kamfanin Najeriya zuwa wani kan zaga ta Turai ya dawo, kamar mai zuwa Goronyo daga Wurno ya bi ta Kano. Yanzu kamfanonin kan miƙa wa juna kaya a cikin gida.

Matakan da hanya ke yankewa

Shekarar 2021 kaɗai ta isa misali, domin a cikinta an ga yankewa iri uku. A watan Yuni gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, har zuwa 13 ga Janairun 2022. A nan titi na nan, ƙofa ɗaya aka rufe, shi ya sa masu VPN, wato manhajar da ke ɓoye inda saƙo ya nufa ta zagaya da shi ta wata ƙasa, suka ci gaba da shiga. A ranar 4 ga Oktoba kuma wani kuskuren saiti a cikin kamfanin Facebook ya shafe taswirar zuwa sabobinsa, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace a duk duniya na kimanin sa'o'i shida. Mutanen Goronyo ba su ma san an yi ba, domin a lokacin su nasu yankewar iri na uku ne, wanda ya fi kowanne tsanani: an kashe ƙarfen da ke bakin hanya. A irin wannan hali VPN ba ta da amfani, sauya layi ma haka, sai dai mutum ya yi tattaki zuwa inda wani ƙarfe ke aiki. Siginar rediyo kuwa ba ta san iyakar ƙasa ba, don haka a garuruwan bakin iyaka masu layukan Nijar kan kama sabis daga tsallake, abin da ya rage wa matakin kaifi a kan waɗanda aka yi shi dominsu.

Tura kuɗi da lambobin da ke farawa da alamar tauraro ba ya buƙatar data, shi ya sa yake aiki a ƙaramar waya, amma shi ma sai da ƙarfen sabis. Na'urar POS kuwa waya ce a cikin wata riga, da layinta a ciki. Idan aka sa kati, roƙo kan tashi zuwa kamfanin da ya ba da na'urar, ya ratsa cibiyar da ke haɗa bankuna, ya isa bankin mai kati, sannan amsa ta biyo sawu ta dawo. In hanya ta yanke bayan banki ya cire kuɗin amma kafin amsa ta iso, sai na'ura ta nuna ciniki bai yiwu ba alhali an zare kuɗi a asusu. Mai POS bai ga ko kwabo ba, kuma rigimar da ake yi da shi a bakin kasuwa ba ta mayar da komai. Abin da ke taimako shi ne a adana takardar da na'urar ta fitar da saƙon banki, domin lambar cinikin da ke jikinsu ita ake bi a dawo da kuɗin.

Raunin garuruwan gabashin Sakkwato shi ne yawancinsu hanya ɗaya tal ke haɗa su da sauran duniya, alhali ƙarfin intanet yana cikin yawan hanyoyi. Shimfiɗa faiba na da tsada, kuma kuɗin izinin tona gefen titi da jihohi ke karɓa ya daɗe yana ƙara mata nauyi, har gwamnoni suka amince a daidaita shi kan Naira 145 a kowace mita. Masu aikin titi na yawan tsinke wadda aka riga aka binne. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan umarnin da ya sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da lalata su babban laifi ne, Ministan Sadarwa Bosun Tijani kuma ya sanar da shirin shimfiɗa ƙarin faiba mai tsawon kilomita 90,000. Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, yana tsallake ƙarfe da faiba gaba ɗaya ta hanyar magana da taurari kai tsaye, sai dai kuɗin na'urarsa da na wata-wata sun fi ƙarfin ƙaramin manomi, ga kuma buƙatar wutar da za ta riƙe shi. Asibiti ko makaranta ko ƙungiyar 'yan kasuwa ne za su iya haɗa kuɗi su saye shi, su raba wa na kusa ta Wi-Fi, wanda shi kansa ba ya wuce 'yan mitoci daga inda aka kafa shi.